Yadda na shiga ƙidayar tsuntsaye a tafkin Madarunfa

Tambayar wata yarinya ƴar aji biyu ce ta kai ni bakin tafkin Madarunfa da asubar wata Asabar ta watan Janairu. Ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a cikin garin Maraɗi. Duk shekara akwai darasin da nake zana taswira a allo, in ja kibiya daga Turai ta haye Bahar Rum da Sahara ta sauka a yankinmu, in ce wa yara ga hanyar tsuntsaye masu ƙaura. Ran nan na gama jan kibiyata ina kaɗe alli daga hannu, sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Mushe, kai ka taɓa ganinsu da idonka?" Na ce ta zauna, lokaci ya ƙure. Saura kuwa minti ashirin cur a tashi. Tafkin nan bai fi kilomita ashirin da ƴan kai daga ƙofar gidana ba. Na je shi ya fi a ƙirga, sayen kifi ko rakiyar baƙi ziyarar kusheyin waliyyai 99 da ke kewaye da shi, amma in ka cire balbela da zalɓe, babu tsuntsun ruwan da zan iya nuna maka in faɗi sunansa.

A fadarmu ta shan shayi da ke unguwar Zariya akwai wani ma'aikacin gandun daji. Da na ba da labarin aka sha dariya, shi kuma ya ce in da gaske nake, in zo a yi ƙidayar Janairu da ni, dama hannu suke nema. Daga bakinsa na fara jin cewa tun 1967 ake wannan ƙidaya ta tsuntsayen ruwa a duniya, ƙungiyar Wetlands International ce ke tattara sakamakon. An zaɓi tsakiyar Janairu ne saboda a lokacin baƙin sun gama tafiya, kowa ya yada zango inda zai ci sanyi. In aka ƙirga ko'ina a kwanaki ɗaya, da wuya a ƙirga tsuntsu ɗaya a Mali a sake ƙirga shi a Nijar.

Maganar takardu ba zan ja ta ba. Na rubuta takardar neman shiga, na manna mata tambur, na karɓi izinin shugaban makarantarmu, na kai. Mako uku shiru. Da na koma aka ce ba a ga takardar ba, wanda ya karɓa ya yi tafiya. Na sake rubuta wata a tsaye, bisa sirdin babur ɗina, na sake sayen tambur. Kwana biyu aka kira ni.

Ranar horo na ɗauka za a zaunar da mu a nuna mana hotuna. An nuna, amma ba shi ne babban darasin ba. Wanda ke jagorantarmu, wani dattijon ma'aikaci da ya kusa ritaya, wanda kowa ke ce wa Shef, ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro. Ya ɗebi wake cikin tafinsa ya watsa, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya rufe da hula da hannu. "Nawa ne?" Mu shida ne sababbi, huɗu ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ni, da wani matashi mai ɗaukar hoto. Na ce sittin. Wata ɗaliba ta ce tamanin. Aka ƙirga ɗaya-ɗaya, wake 143. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To nawa idon ran nan bai san komai ba. Shef ya ce kada mu ji kunya, haka kowa ke farawa: in abu ya yi yawa ido rage shi yake yi, kuma iya yawansa iya ragin. Maganin shi ne ka ƙirga goma daidai a gefe guda, ka riƙe girman wannan goma a ranka, sai ka yi ta aza shi a kan sauran kamar mai auna hatsi, goma, ashirin, talatin. In garken ya kai dubbai, mudunka ya koma hamsin ko ɗari. Muka yini muna watsa wake har azahar. Kafin a tashi kuskurena ya ragu, amma har yanzu ƙasa nake faɗa.

Ya ba mu dokoki uku. Rana ta kasance a bayanka. Kada ka sa fararen kaya. Abin da ba ka gane ba, ka rubuta ba ka gane ba. Na ukun nan na ɗauke shi mafi sauƙi, ashe shi ne mai wuyar.

Mun bar Maraɗi bayan sallar asuba a bayan wata tsohuwar mota ƙirar Toyota, sanyin hunturu na yanka kunne. Kafin a taɓa madubin hangen nesa sai da muka bi ta gaisuwa. Shef ya ce duk wanda ya je bakin ruwan mutane da na'ura mai ƙafa uku bai gai da masu ruwan ba, to ya ƙirga tsuntsaye bana, baɗi kuwa ba zai sami ko mai tuƙa shi a jirgi ba. Muka durƙusa gaban sarkin ruwa, yana zaune bisa buzu ya lulluɓa da bargo, masunta sun kewaye wuta. Bayan an gama ina kwana da ina sanyi, wani daga cikinsu ya fito da abin da ke ran kowa: "To yallaɓai, wanga ƙirga da kuke yi, ba dai ƙarshenta a ce mu bar kamun kifi ba?"

Tambayar tana da tushe. A ƙarshen 2019 aka sa tafkin Madarunfa cikin jerin dausayin da duniya ta yarda da muhimmancinsu, wanda ake kira jerin Ramsar, da sunan garin ƙasar Iran inda aka sa hannu a yarjejeniyar ran 2 ga Fabrairu 1971. Nijar ta shiga a 1987 da gandun namun dajin W. Hekta 524 aka rubuta wa Madarunfa. Tun 2006 ma ƙasarmu ta miƙa sunan tafkin da gandun dajin da kusheyin waliyyan ga UNESCO, cikin wuraren da take fatan a ɗauka kayan tarihin duniya. Talaka kuwa in ya ji an ce duniya ta san da wurin cin abincinsa, gabansa faɗuwa yake yi. Shef ya yi musu bayani a tsanake cewa yarjejeniyar ba ta hana kamun kifi ko noman lambu ko shayar da dabbobi ba, abin da ta nema shi ne a ci a bar na gobe. Sannan ya ɗan karkata kai wajen wani sangen sauro da aka shanya bisa kara, wanda ko makaho ya san ba don sauro aka jiƙa shi ba, ya ce, "Wancan dai shi ka cinye ƴaƴan karfasa tun ba su san ruwa ba." Aka yi dariya, mai sangen ya sunne kai. Sarkin ruwa ya ba mu jirgi biyu, ya haɗa rukuninmu da wani tsohon masunci.

An raba tafkin kashi-kashi, kowane rukuni da gaɓarsa, an sa alama da abin da ido ke gani: daga waccan kukar zuwa mashayar shanu naku ne, tsuntsun da ya ƙetare ya zama na maƙwabta. Aka ce kowa ya rubuta lokacin da garke ya tashi da inda ya nufa. Mu muka samu gabas, don rana ta fito ta bayanmu. Ni da Shef da ɗalibar nan da Baba masunci.

Da farko hazo ne kawai. Ruwa da sama launi ɗaya, toka-toka. Sai kunne ya riga ido: wani fito siriri, sau uku-uku, daga ko'ina. Baba ya ce, "Kirinjijiya ce, ɗana. Ita ba baƙuwa ba ce, tamu ce." Da hazon ya ɗaga na sa ido a babban madubin, sai ga su jere bisa wani tudun laka, wuya a miƙe, fuska fara kamar an shafa musu alli. Bayansu dinya uku, manya, baƙaƙe. Jinjimi na caccakar laka da lanƙwasasshen bakinsa. Zalɓe ya tsaya da ƙafa cikin ruwa kamar wanda aka bai wa ajiya. Can gefen ganyen bado kuma wasu ƴan agwagi ƙanana masu ruwan ƙasa, sun cusa kai cikin fiffike suna barci, ba wani abin kallo a jikinsu. Shef ya gyara madubin ya ce in duba na uku daga hagu. Ya ɗaga kai. Wani farin zane ya taso daga saman idonsa ya lanƙwasa har ƙeya, kamar an ja da alli. A littafin da ke hannunmu sunanta sarcelle d'été, wato agwagwar lokacin zafi, don su Faransawa da zafi suke ganinta. Mu kuwa baƙuwar sanyi ce. A Turai da Rasha take yin ƙwai, nauyinta bai kai rabin kilo ba, kuma da wannan jikin take haye Sahara. Kibiyar da na shekara goma sha ɗaya ina ja a allo ke nan, tana barci gefen bado, wani yaro na wanke babur ɗin kabu-kabu bai fi taki ɗari daga gare ta ba.

Na tambayi Baba ina shamuwa. Ya dube ni kamar na tambayi ina damina. Shamuwa ai da ruwan sama take zuwa, ta yi sheƙa bisa itatuwan gari, in kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka. Wato tafkin kamar gidan baƙi yake, masu zuwa daga kudu na fita, na arewa na shigowa. Wannan ban taɓa faɗa wa ɗalibaina ba, don ni ma ban taɓa haɗa su a raina ba.

Aka fara aiki. Shef ke kallo yana faɗa, ɗalibar na rubutu, ni kuma aka ba ni kirinjijiya tunda ita ce mai sauƙin ganewa. Na'urar dannawa guda ce a rukunin, don haka na ciro ƴar tasbahar nan ta yatsa da nake lazimi da ita, kowane danni goma. Na kai danni talatin da ɗaya, sai wani guntun kacalla ya tare mini gefen garken. Maimakon in ja jiki a sunkuye, na miƙe tsaye na hau tudu. Rigar sanyina ruwan ƙasa ce, amma zafin rana ya sa na buɗe ta, farar rigar da ke ciki ta bayyana. Ban san me ya faru ba sai ƙarar fukafukai. Garken duka ya tashi, ya ja agwagin da sauran, suka yi kewaye biyu a sama, rabi suka sauka gaɓar maƙwabtanmu. Shef bai ce uffan ba. Ya duba agogo ya ce wa ɗalibar ta rubuta lokaci da inda suka nufa, ya miƙo hannu ya karɓi tasbahata, ya danna maɓallin da ke mai da ita sifiri, ya miƙo mini. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka zauna kusan minti arba'in kafin su natsu. Cikin jiran nan na ce, tunda na kai ɗari uku da goma kuma saura kamar kashi ɗaya cikin uku, me zai hana mu rubuta ɗari huɗu da hamsin mu wuce? Ya ce, "Malam, in ɗalibinka ya rubuta amsar da bai lissafa ba, maki nawa kake ba shi?" Sannan ya yi mini bayanin abin da lambar ke yi in ta bar hannunmu. Cikin ma'aunan Ramsar akwai wanda ya ce wuri na da muhimmanci in yana tara tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, akwai wanda ya ce in yana ɗauke da kashi 1 cikin 100 na wani jinsi. Wannan kashi ɗayan daga ina ake samo shi? Daga irin takardar da ke cinyar ɗalibar nan, an tara ta Madarunfa da ta Gidimuni, da ta tafkin Cadi, da ta Haɗeja da Nguru, da ta Mali. In kowa ya ƙara hamsin don takardarsa ta yi kyau, tsuntsu zai ƙare a ruwa yana nan da yawa a littafi.

Wajen ƙananan tsuntsayen bakin laka na sha wuya ta biyu. Masu dogayen ƙafafu jajaye da baƙin baya ba su da wuyar ganewa. Amma akwai wasu masu ruwan toka da ke gudu-gudu a bakin ruwa, kusan duk kamarsu ɗaya, bambancin sai tsawon baki ko launin ƙafa, ƙafar kuma laka ta rufe. Na buɗe littafi na ce wannan ne. Shef ya ce me na gani da ya sa na ce shi ne? Na rasa amsa, hoton ne kawai ya fi kama. Aka rubuta su a layin waɗanda ba a tantance ba. Malamin makaranta bai saba rubuta ban sani ba a takarda, hannuna har nauyi ya yi.

Da hantsi muka shiga jirgi don mu leƙa bayan kacalla. Baba na tuƙi da gora. Wani wuri ya tsaya ya caka gorar ya ciro, ya nuna mini inda ruwa ya tsaya, bai kai ƙugu ba. Ya ce yana saurayi a nan gora ba ta taɓa ƙasa. Tafkin daga gulbin Gabi yake sha, da kuma ambaliyar gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina ya ratso ta wajenmu ya sake komawa Nijeriya. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990 zuwan ruwan ya canza. Ga kuma yashi: duk gonar da aka sare itacenta a tudu, damina na kwaso ƙasarta ta zube a nan. Baba bai karanta wannan a ko'ina ba, gorarsa ce ta gaya masa.

Takardar ƙidayar tana da jerin sunaye an riga an buga. Da muka zo kan gauraka ɗalibar za ta tsallake, Shef ya ce a'a, ta sa sifiri. Layin da aka bari fari yana nufin ba a duba ba. Sifiri na nufin an duba ba a gani ba. Baba ya ji an ambaci gauraka ya bar tuƙi. Ya ce da, kukansu ke tashe su da asuba, bibbiyu suke sauka a fadama suna rawa. "Yanzu in kana son ganin gauraka, tahi gidan mai kuɗi cikin birni, tana nan an yanke mata fiffike tana yawo tsakar gida." Na san gidajen da yake nufi, na taɓa tsayawa a ƙofar ɗaya ina sha'awa.

A nan ne ya laluba aljihun ƴar shararsa ya ciro makullin akwatinsa. Jikin igiyar akwai wani ɗan zobe na farin ƙarfe, ya sha hannu har ya yi santsi. Ya ce shekarun baya ya cire shi daga ƙafar wani tsuntsu da ya mutu a ragarsa. Wasu suka ce na aljanu ne ya jefar, wani malami ya ce ya riƙe. Shef ya juya shi a rana, ga lambobi, ga rubutu da ya fara gogewa, Museum Paris. Masu bincike ne ke sa wa tsuntsu irin wannan zobe, in an tsince shi a wata ƙasa aka aika lambar, sai a san inda ya fito da shekarun da ya yi. Na ce Baba ko zai ba mu. Ya mai da shi aljihu ya ce mu dai kwafi lambar. Na kwafa a bayan hannuna, na sake kwafa a littafi.

Gandun dajin da ke kusa da tafkin, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, da la'asar muka ratsa shi, a gurguje. Kanya da marke da tsamiya da ƙirya na nan, wasu manya ƙwarai, amma ƙananan da za su gaje su ne ban gani da yawa ba, sai sawun awaki da kututturen da gatari bai daɗe da bari ba. Balbelu a nan suke kwana, don haka wani rukuni ya tsaya ya ƙirga su suna shigowa da magariba. Dajin Baban Rafi da ke kudu kuwa ko maganar zuwa ba a yi ba, kowa ya san halin da bakin iyaka ke ciki.

Aiki mafi cin rai a ƙarshe ya zo, bisa tabarma, da soyayyar tarwaɗa da kwaɗon zogale a tsakiya. Kowane rukuni ya karanto nasa. Da aka zo kirinjijiya, maƙwabtanmu suka faɗi lamba mai kauri suna murna. Ɗalibarmu ta ce ƙarfe takwas da minti goma garke ya tashi daga wajenmu ya sauka wajenku. Suka duba, su kuma takwas da kwata suka fara ƙirga wannan gaɓar. Aka yi ta ja, aka cire abin da ya kamata a cire. Mai ɗaukar hoto ya tambayi abin da ya tashe su, Shef ya ce iska ce, ya ci gaba da cire ƙayar kifinsa.

An cike takarda ta ƙarshe da sunan wuri, kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, yanayin hazo, yawan ruwa, da kashin tafkin da aka iya dubawa. Muka sa hannu. Daga nan Yamai za ta, a haɗa da na sauran wurare.

Ranar Litinin na shiga aji da wake cikin leda. Yarinyar nan ta ce casa'in, wake 150 ne, kuma duk ajin ita ta fi kusa. Lambar zoben Baba na ba abokina ma'aikacin gandun daji ya aika, har yau ba a amsa ba, nakan tambaye shi a fada. Takardar neman shiga ta baɗi kuwa na riga na rubuta, kwafi biyu, kowanne da tambur ɗinsa, ɗaya na cikin aljihun babur.